Makin Waɗanda Suka Rasu

Litinin, 2 ga Maris, 1998

Na je asibiti duba Orval. Na kai masa tuffa masu ɗan tabo, waɗanda ba su saidu ba, idonsa ai ba ya gani sosai. Mu biyu muka rage cikin mutum tara da suka saka rigar garin Corwin ranar da muka ci kofin ƙwallon kwando a 1949, mu maki tamanin da takwas, abokan karawarmu tamanin da bakwai. Tun daga lokacin, duk ran 21 ga Maris ana buɗe tsohon ɗakin wasa da yamma, a karanta sunan kowa da makinsa, mutum ya ce "Ga ni." Wanda ya rasu, abokin wasansa ke amsa masa. Orval ya kwashe na mutum bakwai shi kaɗai. Ni ba na ɗaukar kayan da ba riba.

Ya riƙe min hannu ya ce, "Bana kai ne, Wendell."

Na ce, "Tashi dai, tsohon rago, kai za ka binne ni."

Sai ya yi fito sau biyu, gajere. Marigayi Hoyt, abokin wasanmu, ne ke yin haka kafin ya jefa ƙwallo. Orval kuwa tun muna samari bai iya fito ba, har tsokanarsa muke yi.

Alhamis, 5 ga Maris

Orval ya cika da safe.

Asabar, 7 ga Maris

Kasuwa ta ci, zuma ta ƙare kafin rana ta yi tsaka. Lorene, matar Orval, ta zo rumfata da baƙaƙen kaya. Ita ke karanta sunayen. Na sha gabanta.

"Lorene, duba layina a takardar makin da kyau. Minti sifili, maki sifili. Koci bai saka ni ba, benci na ɗumama. Wanda bai taka fili ba ai ba ya cikin lissafi."

Ta ce, "Shekara nawa kana sayar wa mutane ruɓaɓɓen tuffa da labarin kana cikin 'yan wasan? Yau ne ba ka ciki, maƙaryacin banza?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce a 'yan shekarun nan ba ta san wa take ba abincin safe ba. Wata rana Orval ya sauko yana ɗingishi da gwiwar hagu, irin na Delmer Haas, gwaninmu mai maki talatin da ɗaya. Wata rana ya kira ta da sunan matar wani.

Na ce, "To, kuma shi kike so in gada?"

Ta ce, "Tun ranar Alhamis marigayan suna gidana, Wendell. Ina wanke-wanke ina jin ƙarar takalma a katakon falo. Ba su da inda za su."

Talata, 10 ga Maris

Na sami ɗan Delmer a garejinsa, na ajiye masa kwalbar zuma biyu. Na ce jini ya fi riga, shi ya dace ya amsa wa ubansa. Ya goge hannu, ya ce, "Kawu Wendell, sai wanda ya saka rigar ranar, ka fi ni sani." Zumar dai ya riƙe.

Juma'a, 13 ga Maris

Tsufa ne ya taɓa Orval, ba wani abu ba. Mutum ya yi shekara hamsin yana tuna abokansa, dole ya kwaikwaye su. Lorene kuma kaɗaici. Na faɗa wa kaina haka a madubi, da muryar da nake sayar da ƙwai na jiya a matsayin na yau. Ban saya ba.

Laraba, 18 ga Maris

Na yanke shawara. Zan je, don rabin gari na taruwa a ƙofar kuma ciniki ne mai kyau. Zan zauna inda na saba, in rufe bakina har a zo kaina, ni ne na ƙarshe. In amsa nawa, in tashi. Matattu su nemi lauya.

Asabar, 21 ga Maris

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Rana na shigowa ta tagogin sama. Mutane sun cika kujeru, ni kaɗai a dogon bencin 'yan wasa, can ƙarshe. Lorene ta tsaya a tsakiyar fili. Ta ce, "Delmer Haas. Maki talatin da ɗaya, laifi huɗu."

Na kalli takalmana.

Ta sake faɗa. Wani jariri da ke kuka ya daina. Sai na ji bencin ya lotsa a gefena, kamar babban mutum ya zauna. Ya sake lotsawa, ya sake, har aka matse ni na kusa faɗowa. Warin zufa da man shafawa na gwiwa. Ban juya ba. Ragar kwandon da ke nesa tana motsi, ƙofofi kuwa duk a rufe.

Lorene ta faɗa karo na uku, idonta ba a kaina ba, a kan gefena.

Na ji an ce "Ga ni," da murya mai kauri. Daga bakina ta fito. Bayan nan abin bai yi wuya ba. Hoyt, sha tara, ga ni. Orval, sha huɗu, ga ni. Kowane suna na amsa sai bencin ya ɗan ɗaga. Na amsa wa takwas.

Sai ta ce, "Wendell Purdy. Minti sifili, maki sifili."

Na zauna ina jira in ji wa zai amsa. Aka daɗe. Lorene ta kalle ni, ta sunkuyar da kai, ta ce an gama. A waje ta taɓa kafaɗata ta ce, "Na gode," ba ta kira suna ba.

Na manta tuffana a ƙofar.

Lahadi, 22 ga Maris

Lorene ta yi waya, gidanta tsit. Ni ma lafiyata ƙalau. Yunwa dai nake ji kamar ta mutum da yawa.

Asabar, 28 ga Maris

Ciniki bai yi ba, na kasa tuna farashi, ina ta ba mutane yadda suka taya. Gwiwar hagu na damuna, sanyi ne. Wani baƙo ya tsaya, ya ce an gaya masa ina cikin 'yan wasan 1949, nawa na ci? Na ce talatin da ɗaya. Na ba shi labarin ƙwallon ƙarshe, yadda ta bar yatsuna, ta zagaya bakin kwando kafin ta faɗa. Ba ƙaryar kasuwa ba ce, har yanzu ina jin ta a hannuna.

Ya tambaya ko kowa ya buga ranar. Na ce a'a, akwai wani mai surutu da ya zauna a ƙarshen benci, koci bai saka shi ba. Tun ɗazu nake ƙoƙarin tuna fuskarsa.