Miyar Lalo a Alƙahira

Alƙahira, daren Talata

Yau dai Inna ta ci abinci, alhamdu lillahi. Tun da aka yi mata aikin gwiwa take ture duk abin da asibiti ya kawo, har likita ya ce ba sallama sai ta soma ci.

Da la'asar na bi wani lungu a bayan asibitin, ƙamshin tafarnuwa ya kai ni wani ɗan gidan abinci. Maigidan na raba kwanuka, matarsa na bakin murhu. Larabcina na Islamiyya ya kasa, sai matar ta yi dariya, ta ja hannuna, ta buɗe mini tukunya. Miya ce koriya shar, mai yauƙi. Ta zuba mini da shinkafa, na kai wa Inna asibiti.

Inna ta ɗanɗana, ta ɗago kai. "Ke Binta, wannan ai lalo ne! Irin na bayan gidanmu a Malumfashi. Sai dai ba su sa daddawa ba."

Ta cinye tas, tana mitar ina ma da tuwon dawa. Ban taɓa jin daɗin mitar Inna kamar yau ba.