Hawan Tudu da Baba a Baya

Asabar, 2 ga Agusta

Gada ta tafi. Ruwan jiya ya cinye ƙafarta ɗaya, da safe muka tarar da rabinta a cikin kogi. Mota ba ta shigowa unguwarmu, ba ta fita. Hanya ɗaya ta rage zuwa cikin gari, siririyar nan da ta bi ta bayan wurin fasa dutse ta hau tudu. Sai babur ko ƙafa.

Baba yana da wankin ƙoda Litinin da Alhamis. Da a motar maƙwabci nake sa shi, in wuce wurin aikina na kai saƙo. Yanzu sai ni. Ni da shi a kan babur ɗaya, babur ɗin da tun ranar da na saye shi yake kira abin wasan yara. Shi da ya yi rayuwarsa a kan babbar mota, duk abin da bai kai taya goma ba a wurinsa ba abin hawa ba ne.

Litinin, 4 ga Agusta

Ba mu hau ba.

Farkon hawan lafiya lau. Da muka kai kwanar da tudun ya miƙe tsaye, babur ya fara tari. Na sauko giya ta ɗaya, na murɗa totur, na riƙe kuloci rabi, sai ƙauri. Ya mutu. Dole Baba ya sauka. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, silifas ne, suna zamewa a kan tsakuwa. Hannu ɗaya ina tura babur, ɗayan yana riƙe da shi. Taku kaɗan sai ya tsaya ya nemi numfashi.

Mun makara. Nas ta ce an ɗora wani a kan injin, sai mu jira. Da aka zo kansa an rage masa lokaci.

A hanyar dawowa ya ce, “Wannan abin naka gudu ya iya, bai iya ja ba. Sifoket ɗinka na baya ya yi ƙanƙanta.” Na ce Baba wannan ba babbar mota ba ce. Ya ce haƙori haƙori ne ko a bakin wa yake.

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ni da kaina na sa aka canja bara. Faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, na sa ƙarami a taya ta baya, babba a gaba, don in na hau kwalta kada wani a kamfaninmu ya wuce ni. Ba banza suke ce mini Iska ba.

Talata, 5 ga Agusta

Har yanzu hannuna ƙaurin kuloci yake.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na ce bari in taho da gudu tun daga ƙasa. Baba ya riƙe ƙarfen baya, ya ƙi riƙe ni. A kwanar nan dai muka tsaya. Masu fasa dutse biyu suka ajiye gudumarsu suka tura mu, Baba yana zaune a kai kamar buhu. A saman tudun ya yi amai. Ya goge bakinsa da hannun riga, ya yi musu godiya, ni ko kallona bai yi ba.

In haka za a riƙa yi, tudun nan zai kashe shi kafin ƙodar.

Juma'a, 8 ga Agusta

Na je wurin Gajere bakanike. Ya tsuguna ya ƙirga haƙoran da yatsa, ya yi dariya. Talatin da shida a baya, sha biyar a gaba. Ya ce, “Kai ka haɗa shi don ya tashi sama, yanzu kuma kana so ya zama jaki.” Ya ce abu biyu ne. Ko a rage na gaba, ko a ƙara na baya, duk ƙarfin ja za su ba ni. Amma duk abin da na samu a hawa, a kwalta zan biya shi. Injin zai yi ta ihu, gudun babu, ga shan mai.

Matsalar ke nan. Manaja a waya yake bin mu, yana ganin inda kowa yake. Saƙonnin nesa, na bayan gari, ni ake ba saboda ni ke zuwa in dawo kafin wasu su gama ɗaure kaya. Da su muke ci a gidan nan. Da su ake sayen maganin Baba.

Na ce a canja na gaba kawai, a sa sha huɗu. Ba sai an taɓa sarƙa ba. Gajere ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauko sifana.

Litinin, 11 ga Agusta

Mun wuce inda muka saba mutuwa da ɗan kaɗan. Sai muka mutu a gaba.

Ban gaya masa na taɓa komai ba. Muna tsaye yana haki ya ce, “Na gaba ka canja. Na ji a kukan injin. Ka sha rabin magani ke nan.”

Laraba, 13 ga Agusta

Yayata ta ce a kawo shi gidanta a cikin gari har a gyara gada, ta ma share masa ɗaki. Maman yara ta lallaɓa shi, ni ma na sa baki. Ya ce a ɗakinsa zai kwana, a ɗakinsa zai tashi, in ya zo tafiya ma daga nan za a ɗauke shi. Na ce to ni kuma bayana ba na ƙarfe ba ne. Ya ce bai roƙe ni ba.

Na fita na zauna a kan babur a tsakar gida. Maman yara ta biyo ni, ta ce, “Baban yara, ku biyun nan kai ɗaya gare ku.”

Asabar, 16 ga Agusta

An sa babba a baya, arba'in da biyu. Sarƙata ta gaza, ba ta kai zagaye ba. Gajere ya ce sabon sifoket sabuwar sarƙa yake so, tsohuwa ta miƙe, ba za ta zauna a haƙoran daidai ba. Na ce ba hali a wannan makon. Ya tono wata tsohuwa a cikin buhun tarkace, ya yanko 'yan gaɓoɓi ya ƙara. Ya ce, “Ni dai na faɗa maka.”

Na gwada ni kaɗai, ya hau tudun kamar ana jansa da igiya. Na dawo gida ina jin kamar in yi waƙa.

Litinin, 18 ga Agusta

Bari in rubuta.

Mun shiga kwanar da ƙarfi. Babur yana ja, yana ja, har na ji Baba ya gyara zama. Sai ƙas, ƙas, sarƙa ta tsallake haƙori, ta uku ta zame gaba ɗaya. Injin ya yi ihu a banza, taya ba ta juyawa. Muka fara komawa baya. Na matse birkin gaba, tayar ta ja a kan tsakuwa, na sa ƙafa, nauyin ya fi ni. Muka kife ta hagu.

Ta hagu. Hannun da ake sa masa allurar wankin ke nan, wanda nas take cewa ko agogo kada ya ɗaura.

Ban san yadda na ɗaga babur ɗin ba. Yana kwance a gefen hanya, silifas ɗaya ta gangara can ƙasa, hannun hagun yana ɗage sama, ya faɗi a kan kafaɗa don ya kare shi. Goshinsa ya fashe kaɗan. Ina ta cewa Baba, Baba, ban san me zan ƙara ba. Ya ce, “Kashe makullin, mai yana zuba.”

Sarƙar ta cushe tsakanin sifoket da ƙarfe. Na yi ta ja har yatsuna suka yi jini. Masu fasa dutse suka zo, aka ɗauke shi a kan wani katako aka sauko da shi gida, don ƙasa ta fi kusa. Wankin yau ya wuce.

Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya zage ni.

Talata, 19 ga Agusta

Ba ya iya kwanciya. An tara masa filo uku a baya, numfashinsa kamar ana jan tsumma a cikin ruwa. Fuskarsa ta cika, idanun sun shige. Ruwa yake roƙo, ba dama a ba shi sai a jiƙa masa leɓe. Maman yara ta kai yaran gidan maƙwabta don kada su gani.

Na kira asibiti har sai da suka gane muryata. A ƙarshe nas ta ce akwai gurbi gobe da safe, in mun wuce shi sai Alhamis. Na tambaye ta zai kai Alhamis? Ta ce, “Ku dai zo gobe.”

Na tura babur har wurin Gajere. Yaya ta aiko da sabuwar sarƙa ta hannun wani ɗan acaɓa. Gajere bai ce ai na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Ya ɗaura, ya daidaita tayar, ya juya ta da hannu yana kasa kunne, ya sake kwancewa ya sake ɗaurewa. Na roƙi 'yan acaɓa biyu su ɗauki Baba a nasu, duk sun ƙi. Sun ce ba za a mutu a bayansu ba.

Ya Allah, gobe kawai.

Laraba, 20 ga Agusta

Mun hau.

Maman yara ta ɗaure shi a jikina da zanen gado, ƙirjinsa a bayana. Ina jin kukan numfashin nan a cikin ƙashina. A gindin tudun na kasa sakin kuloci. Sai na ji muryarsa a kunnena, ƙasa ƙasa, kalma ɗaya sai hutu.

“Ta ɗaya. Bar shi a nan. Cire hannunka daga kuloci.”

Na cire.

“Kada ka ƙara wuta. Bar shi ya ci da kansa. Kada ka kalli ramin, kalli inda za ka.”

Babur yana tafiya kamar mai ƙirga duwatsu, amma bai yi tari ba. Kwanar ta zo ta wuce. Masu fasa dutse sun tsaya da aiki suna kallonmu. Muka kai sama.

An cire masa ruwa mai yawa. Da yamma ya nemi shayi.

Asabar, 23 ga Agusta

A kwalta kuwa abin kunya. Na kai giya ta ƙarshe ƙafata tana neman wata. Injin yana kururuwa, masu keken kaya suna neman wuce ni. Sabon yaron da na koya wa hanyoyi ya wuce yana ɗaga mini hannu. Yanzu a kamfani Kunkuru suke ce mini. Na yi dariya tare da su.

Talata, 26 ga Agusta

Na tambayi Gajere ko za a riƙa sauyawa, babba ranar asibiti, ƙarami sauran kwanaki. Ya ce sai dai in tare a shagonsa, kuma sarƙar ma tsawonta ba ɗaya ba.

Manaja ya kira ni ofis. Saƙo biyu sun makara, mai ɗaya ya fasa karɓa. Na ba shi labarin gada da tudu. Ya ce yana tausaya mini, har ga Allah, amma shi ma akwai wanda yake kiransa ofis. An ba sabon yaron saƙonnin nesa.

Alhamis, 28 ga Agusta

An zo an auna gada, an kafa allo, an tafi.

Litinin, 1 ga Satumba

Baba ya rage magana. Yau tun daga gida har asibiti bai gyara mini tuƙi ko sau ɗaya ba. Bayan wankin jikinsa yakan saki kamar rigar da aka matse. Zanen gadon ya zama dole, zuwa da dawowa. Ya yi sauƙi a bayana, ina ji, babur ma yana ji. Likita ya kira ni gefe ya yi magana a kan zuciya. Ban riƙe rabin abin da ya ce ba. Ban gaya wa Yaya ba tukuna.

Laraba, 3 ga Satumba

Manaja ya ce gobe bayan asibiti akwai kaya masu muhimmanci, in kai Baba gida in dawo a kan lokaci. In ban zo ba, in kawo jakar kamfani da rigar. Ya faɗa a hankali, ba faɗa.

Na lissafa hanyar. In ban tsaya ko'ina ba zan kai.

Alhamis, 4 ga Satumba

An gama da wuri, har da sauran lokaci a hannuna. Muka kamo hanya. Daidai saman tudun, kafin a fara gangarowa, na ji kansa ya sauka tsakanin kafaɗuna. Na tsaya ƙarƙashin bishiyar nan, na kasa kunne. Barci ne. Barci na gaske, har da ɗan minshari, wanda Maman yara ta ce rabonsa da shi tun faɗuwar nan.

Gangaren duk ramuka ne. Na kashe injin. Na kafa ƙafafuna biyu a ƙasa na riƙe babur a tsaye.

Waya ta yi ta kuka a aljihun wando. Ba yadda zan ciro ta ban motsa kafaɗa ba. Ta yi ta gaji. Ƙafata ta hagu ta mutu, sannan ta dama. Inuwar ta matsa daga kanmu ta koma kan hanya. Daga can ana ganin kogin da guntun gadar, da rufin gidanmu, ban taɓa lura ba. Yawunsa ya jiƙa mini riga.

Da ya farka ya ce, “Me ya tsayar da mu?”

Na ce inji ne ya yi zafi.

Shi na gaya wa haka. Mutumin da yake gane haƙori ɗaya a kukan inji. Na ji ya saki ƙarfen baya, ya zagayo da hannun dama ya riƙe rigata ta gaba.

Ya ce, “To bari ya ƙara hucewa.” Ya mayar da kansa.

Jakar da rigar suna nan a bakin ƙofa, gobe zan kai. Masu fasa dutse sun ce suna neman mai hau musu da ruwa da siminti, zan ji ta bakinsu. Injin kam ya yi zafi. Ɗan kaɗan.