Layin Inabi na Bakin Rijiya

Asibitin sojoji, Fabrairu 1917

Léonie tawa,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Odile ta fara tafiya kuwa? Ki sumbatar min ita.

Kada rubutun nan ya tsorata ki, ba buguwa na yi ba, da hagu nake yi. Hannun daman dai likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ya bar min shi zuwa gwiwar hannu. Sauran jiki lafiya lau, ina ci kamar gara.

Da na tuna lokacin datse inabi ya zo, sai na daina kula kowa. Gaspard, wani maƙeri mai ƙafa ɗaya da ke gadon kusa da nawa, ya ce, "Kai manomi, hannu suka yanke maka ko harshe?" Shi ya gyara min wani tsohon almakashi ya dace da bahago. Na gwada a furannin Sista Blandine mai jinyarmu. Da ta gani ta ce, "Wa ya sako min akuya a lambu?" Jiya kuwa da kanta ta kai ni gindin tuffa ta ce in datse.

Ki bar Kawu Firmin ya datse gonar, amma ki tsaya a kansa, kin san shi da garaje. Layin bakin rijiya kuwa, wanda muka dasa shekarar aurenmu, kada kowa ya taɓa. Zai iya jira har ƙarshen Maris. Ni zan datse shi.

Allah ya tsare min ku.

Mijinki,
Aurélien