Miska Yana Raye, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Inna, gaisuwa mai yawa tare da fatan kina samun sauƙi. Yaya idon naki? Ina fata ɗinkin ya kama, kuma zaman Anchorage bai gundure ki ba. Ki gaishe mini da Gwaggo Dora da ke jinyarki.

Kafin wani ya riga ni ya tayar miki da hankali: mijina Miska yana raye. Yana kwance a ɗakin shan magani na gari, ƙafarsa a naɗe, sai mita yake wai shayinsu ba sukari.

Kin san rigimar kyarketai tun kafin ki tafi. Bana ma manyan bareyin nan namu, mus, sun yi wuya, kyarketai sun cinye 'ya'yansu, gidaje da yawa ba nama a firiza. Da hukuma ta ba da izinin harbinsu daga jirgin sama, sai mijina ya yarda ya zama maharbin Dale, baturen nan mai ƙaramin jirgi. A taron gari Yaya Ignati ya miƙe ya ce shi ma yana kashe kyarkeci, amma a ƙasa, yana bin sawunsa. Wanda zai kori dabba daga sama har ta faɗi sannan ya harbe ta, in ji shi, mahauci ne, ba maharbi ba. Miska ya ce to ya dafa wa yaranmu mutuncin kyarkecin su ci. Tun ranar ko a coci ba sa haɗa ido. Saboda aikin idonki na ɓoye miki.

Ran Talata suka tashi da safe. Da rana iska ta taso da dusar ƙanƙara, aka yi ta kiransu a oba-oba, shiru. Jiragen ceto ma sun kasa tashi. Ban yi kuka ba, Inna. Kwanukan da na riga na wanke na yi ta sake wankewa.

Washegari sai ga Yaya a ƙofa, ko shigowa bai yi ba. Ya ce, "Oline, wace riga sakaran mijinki ya saka?" Na ce mara nauyin nan. Ya yi tsaki, ya karɓi babbar rigar gashin da kika ɗinka, ya hau babur ɗinsa na ƙanƙara. Mutane sun hana shi, bai ko waiwaya ba. Kwanar kogin nan ya nufa, inda shi da Miska suke ɗana tarko suna samari, don ya san can Miska zai nemi garken kyarketan.

Hayaƙi ya fara hangowa. Jirgin ya kife cikin itatuwa, Dale ya karye a cinya, Miska ya jawo shi waje yana ƙona kujerun jirgin don su ji ɗumi. Da na ji ƙarar babur ɗin Yaya yana dawowa da su, na fito ba takalmi.

Ki kwantar da hankalinki. Yara suna gaishe ki.

'Yarki,
Oline

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na ji daɗi da Gwaggo ta ce kin fara gane fuskoki.

An sallamo Miska. Sanyi ya ci ƙananan yatsun ƙafarsa ta hagu, an cire su, amma yana takawa da sanda. Dale yana asibiti a Fairbanks, shi ma da sauƙi.

Miska ya ce shi da jirgi har abada. Kada ki ɗauka ra'ayi ya canza, tsoro ne kawai, kuma bai ɓoye ba. Wasu na ci gaba da tashi, gari kuma har yanzu a rabe yake. Ni kaina ban san inda na tsaya ba. Ranar da na ga gawarwakin kyarketai jibge a filin jirgi, sai na kau da kai. Amma in na buɗe firiza na ga kifi kaɗai, sai in ji kamar Miska ne da gaskiya.

Jiya Yaya Ignati ya zo da zomaye, na yi miya. Na zata za su rungumi juna. Ina! Ko zama bai gama yi ba ya ce, "To mahauci, yaya ƙafar?" Miska ya ce ta fi bakin wasu lafiya. Daga nan suka ɗora daga inda suka tsaya a taron gari, wannan na bugun tebur, wancan na nuna shi da cokali, har miyarsu ta huce. Sau biyu ina ɗumama ta.

Na tsaya a bakin murhu ina jin hayaniyarsu ta cika gidan, yara na dariya. A nan ne, Inna, kukan da ban yi ba ya zo mini. Suka yi tsit suna kallona. Na ce su ci gaba, kada wanda ya kuskura ya yi shiru.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya dawo mana da ke. Ki taho da sukari.

'Yarki mai kewarki,
Oline