Saƙonnin Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Unguwar Gai, Kibiya

Maigidana Sagiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman Zariya? Mu da 'yarmu Hafsa lafiya lau. Direban motar Kano na ba wa wannan takarda, don wayata ta ɓace ranar kasuwar Kibiya.

Ɓatan bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Ka san zauren imel ɗinmu na malaman gona na Rano da Kibiya. Tun ranar saƙonni ke shiga da sunana, bibbiyu, ba rubutu, sai hoto mai nauyi a maƙale. Malam Abdulganiyyu, mai kula da zauren, ya yi min faɗa gaban kowa, wai dokarmu ta hana maimaita saƙo da cinye wa mutane data. Na ji kunya, na ba da haƙuri kan laifin da ba nawa ba. Ba wanda ya buɗe hotunan, kowa gogewa yake.

Ka kula min da kanka.

Taka,
Ummukulsum

Rano

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Kada ka firgita da ganin Rano a sama. Muna gidan Hajiyarka.

Jiya na zauna a kwamfutar ofis na buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sagiru, ba maimaici ba ne. Na farko hanyar gonar albasarmu ce. Na biyu ƙofar gidanmu, daga tsallaken titi. Na gaba an matso har bakin zaure. Na ƙarshe tsakar gida ne, ga kayan makarantar Hafsa a igiya, waɗanda na shanya jiyan da safe, gida a kulle.

Ban koma gida ba. Daga makaranta na ɗauki Hafsa muka hau mota, ko mayafin canji ban ɗauko ba. Na kai maganar ga 'yan sanda, sun ce za su bincika.

Ɗazu Malam Abdulganiyyu ya aiko min da albishir, wai ya cire adireshina daga zauren, yanzu ba saƙon da zai ƙara shigowa. Taimakona yake ganin ya yi. Ni kuwa da hotunan nake sanin inda mai riƙe da wayata ya iso. Yanzu ban sani ba.

Don Allah ka taho. In ka iso ƙofa ka kira sunana, Hajiya ta hana a buɗe wa mai ƙwanƙwasawa.

Matarka,
Ummukulsum