Ƙullin Baba a Kan Huhun Goro

Nima, ƙasar Gana, 1959

Zuwa ga Yaya Tanimu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara, yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya ƙi.

Ka san ni ke ɗaure wa Alhaji Imoro huhunan goron da ake kaiwa Ikko. Tun da ciwo ya kwantar da shi, ɗansa Mashud ke juya kome. Ya tilasta mini cusa ruɓaɓɓen goro a tsakiya, in rufe da mai kyau. Na durƙusa na gaya wa Alhaji, ya ce, "Ilu, kai bare ne, shi jinina ne."

Yaya, 'yan Ikko ba su san Mashud ba. Ƙullina suka sani, wanda Baba ya koya mana. Jiya aka dawo da huhu, ana cigiyar mai ƙullin. Ba wanda zai ɗauke ni aiki yanzu, ga shi a gidan Alhaji nake kwana.

Don Allah ka samo mini ko dako ne a gida. Kai ma ka sauya ƙulli, tunda irin nawa ne. Kada Baba ya ji dalili.

Ƙaninka,
Ilu