Baffana Ya Bar Ɗarika, Ni Na Ƙirƙiro Masa Dalili

Zuwa ga Malam Daudu, mai filin shawarwari.

Allah ya gafarta malam, ka taimake ni da shawara, domin abin da yake cina ba ni da wanda zan gaya wa a garinmu. Bokona na ajin Yaƙi da Jahilci ne, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa.

Akwai wani abu da mutane da yawa suka ɗauka, ni ma a kansa na tashi. Wai mutum ba ya ajiye wuridi ya bar ɗarika sai in lalaci ya kama shi, ko an ɓata masa rai, ko kuwa akwai wani saɓo da yake so ya yi ba mai sa masa ido. Ban taɓa jin an kawo wani dalili bayan waɗannan ba. Wannan zaton ne ya sa na zalunci ƙanen mahaifina, yau shekara huɗu.

Zan kira shi Baffa Sama'ilu, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Garinmu yana ƙasar Roni, a gindin duwatsu. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Baffa ne ya riƙe ni, ya koya mini sana'arsa ta ɗinkin manyan riguna. Shi ne kuma ya kama hannuna ya kai ni zawiya, inda 'yan ɗarikarmu suke taruwa, na karɓi wuridi ina ɗan shekara goma sha bakwai. Shi kuwa ya shekara ashirin da biyu a ciki. Ran Juma'a da yamma shi ne mai bayarwa a zikiri, mu muna amsawa. In ya ɗaga murya, har matan da suke rijiya sukan ajiye guga su saurara.

Shekarar da muƙaddaminmu na farko, Malam Kaumi, ya rasu, aka ba Malam Lauwali muƙaddanci. Ba a yi wata biyu ba Baffa ya daina zama da mu. Bai yi faɗa da kowa ba, bai zagi kowa ba. Salloli biyar yana sahun gaba, amma da an sallame za a zauna wuridi sai ya ɗauki takalmansa ya tafi gida.

Wata rana Malam Lauwali ya kira ni zaurensa, akwai dattawa huɗu a zaune. Ya ce ni nake kwana nake tashi a gidan, in gaya musu abin da ya sami Baffa. Malam, gaskiya ita ce ban sani ba. Ban taɓa tambayarsa ba. Da wane ido zan dubi mutumin da ya goya ni in ce masa don me ka yi kaza? Amma na ga in na ce ban sani ba, za su ɗauka ɓoye musu nake yi, ko kuwa bakina ɗaya da shi. Sai na sunkuyar da kai na ce, ina jin dai tun da aka ba wani muƙaddanci ba shi ba, ransa bai yi daɗi ba. Wallahi na ce ina jin. Kafin kasuwa ta zagayo ina jin ɗin ta faɗi a hanya, abin da ya rage a bakin mutane shi ne, ai ɗan wansa ma ya faɗa, hassada ce.

A unguwarmu ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da akushinsa ƙofar gidan mai unguwa, a ci ɗaya bayan ɗaya har a gama. Babu wanda ya yi umarni da komai. Amma daga makon nan, in an zo kan akushin Baffa sai ka ji kowa yana hamdala, ya ƙoshi, yana neman ruwan wanke hannu. Ni ma na wanke nawa. Kwana tara yana fitowa da shi yana mayarwa ciki a cike. Matarsa, Inna Saude, ta zaci girkinta ne ya lalace, ta ƙara man shanu, ta canza miya, har ta ari daddawar maƙwabta ko tata ce ta yi ɗaci. Ran na goma bai fito ba, kuma bai sake fitowa ba har yau.

Wani mahauci da ake kira Hamma ya sa masa suna Malam Ba-a-ba-ni-ba, in ya wuce rumfarsa sai a yi ta ƙyaƙyata dariya. Masu kawo masa riguna suka janye. Da gobara ta ci rumbunsa bara waccan, ina tsaye aka ce to an fara gani, domin mun tashi muna jin cewa wanda ya saki wuridi ƙarshensa ba ya kyau. Na gyaɗa kai tare da su. Abin da ya fi ba ni kunya, da aka rasa mai bayarwa a zikiri ni aka ba, don muryarmu ta yi kama, shi ya koya mini. Na karɓa da murna. Na yi aure na koma gidana, gaisuwata da shi ta zama ta bakin hanya.

A watan jiya matata Tasalla ta haihu. Inna Saude ta zo barka da wata 'yar riga da Baffa ya ɗinka wa jaririn da hannunsa, har da adon aska biyu a ƙirji kamar ta babban mutum. Da ta ga na kasa ɗago ido, sai ta zaunar da ni ta gaya mini abin da Baffa ya hana ta faɗa. Ashe da Malam Kaumi yana jinyar ajali, sai ya fara kiran Baffa, su biyu kaɗai, ya miƙa masa muƙaddancin. Baffa ya dawo gida ya kwana uku ba ya iya cin abinci, sannan ya koma ya ce a yafe masa. Ta ce ya daɗe yana da tambayoyi a kan wasu abubuwa na ɗarikar, ya karanta abin da ya samu, ya tambayi Malam Kaumi, wasu ya sami amsa, wasu aka ce muridi haƙuri yake yi. Ya yi haƙurin shekara da shekaru, zuciyarsa ba ta zauna ba. Ya ce ba zai ɗora wa wani abin da shi kansa ba shi da yaƙini a kai ba, kuma yana jin tsoron Allah ya tsaya gaban jama'a bakinsa yana faɗin abin da zuciyarsa take shakka. Ta ce ranar da ya yanke shawarar bari ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko da mahaifina ya rasu. Ta ce da ni, ɗan nan, wanda aka miƙa wa abu ya ce a'a, shi ne ake cewa yana fushin ba a ba shi ba. Ashe Baffa ya san daga bakina maganar ta fito. Ya yi shiru ne don kada Malam Lauwali ya ji kamar shi ne na biyu, kuma don kada a kira ni maƙaryaci.

Yanzu sun shirya komawa Babura wajen danginta da zarar an yi girbi, dawa kuwa ta riga ta fitar da kai. Ni ina nan a ɗarikata, ina sonta, ina samun natsuwa a cikinta. Amma in na tafi wajensa ina tsoron a ce na bi shi, har ni kaina ina tsoron kada shakkarsa ta shafe ni. In na faɗi gaskiya a zawiya ƙila a karɓe bayarwar, a daina yarda da maganata. In na yi shiru zai bar garin da aka binne iyayensa da sunan mai hassada, sunan da ni na sa masa. Yaya zan yi?

Naka,
Wani maɗinki daga ƙasar Roni.

Amsa

Ɗana maɗinki, na karanta takardarka sau biyu, rubutunka bai karkace ba. Kunyar da kake ji alama ce mai kyau, amma kunya kaɗai ba za ta amfani Baffanka da komai ba, kuma kwanakin da suka rage maka kaɗan ne. Saboda haka bari mu tafi kan aiki.

Ba zan yanke maka hukunci a kan ɗarika ba. Ni malamin makaranta ne, manyan malamai kuwa akwai masu ciki, akwai waɗanda ba sa ciki. Amma na ciki da na waje duk sun haɗu a kan cewa faɗin abin da ba ka sani ba a kan Musulmi zunubi ne, yanke zumunci zunubi ne, wanda ya riƙe maraya kuma yana da babban hakki. Baffanka yana salla a sahun gaba. Tuwonsa halal ne.

Kada kuma ka ɗauki 'yan'uwanka na zawiya miyagu. Yawancinsu tsoro ne ya kama su. Wanda ya fi su murya da daɗewa ya tashi ya fita bai ce komai ba. In hassada ce ta fitar da shi, kowa ya huta, ba sai ya tambayi kansa komai ba. Shi ya sa zatonka ya yi gudu haka, ka ba su amsar da hankalinsu yake so. Wasunsu kuwa da gaske suke jin yana cikin haɗari, suna ganin in an ƙaurace masa zai dawo. Niyyar ta ƙauna ce, hanyar ce ba ta da kyau. Gaskiya ne akwai masu barin wuridi don lalaci, akwai masu fita don fushi. Akwai kuma irin Baffanka, wanda ya fita don ya ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai, har ya kasa yi da rabin zuciya. Daga nesa duk kamarsu ɗaya. Shi ma shirunsa, duk da alherin da ya nufa, ya bar wa jita-jita fili.

Ka fara da shi, a cikin makon nan. Ka tafi da hantsi inda yake ɗinki, ka zauna ƙasa, ka maimaita masa maganar da ka faɗa a zauren nan yadda ka faɗe ta. Kada ka ce in na yi maka laifi, ka san ka yi. Kada ka roƙe shi ya dawo ɗarika, kada ka kai masa hujja. Maganar tashi zuwa Babura ma ka bar masa, domin in ka haɗa neman gafara da roƙon ya zauna, ka ɗora masa wani nauyin ne.

Bayan nan ka je wa Malam Lauwali, ka roƙe shi ya tara dattawan nan huɗu, domin a inda aka yi ɓarna a nan ake gyara. Ka ce musu, kun tambaye ni, ban sani ba, na ji kunyar cewa ban sani ba, na faɗi zato, zaton kuwa ƙarya ne. Nan za ka tsaya. Labarin abin da ya gudana tsakaninsa da Malam Kaumi sirrin Baffa ne, ba naka ba, kada ka fitar da shi sai da izininsa. Ba ka bukatar ka muzanta Malam Lauwali kafin ka wanke Baffanka. Ni a ganina, mutumin da ya kira ka ya tambaya tun farko ya damu ne, kuma zai fi girmama ka fiye da yadda kake tsammani. In kuwa aka karɓe bayarwar, ka miƙa ba gardama, ka koma cikin masu amsawa. Zikirinka a can zai fi maka daɗi.

Sannan ka riƙa cin abinci a gidansa da rana tsaka, kowa yana gani, ka kai masa jikan nan ya sa masa albarka. Batun kada shakkarsa ta shafe ka, ka duba: shekara huɗu bai taɓa ce maka ka bar wuridinka ba, ko da kalma ɗaya. Ka riƙe naka da gaskiya kamar yadda ya ajiye nasa da gaskiya, kuna iya zama a tabarma ɗaya.

Ba zan yi maka alkawarin zai fasa tafiya ba. Ƙila ya riga ya gaji da garin. Amma in ya tafi, ya tafi da sunansa a wanke, ya kuma san ɗan da ya goya ya dawo masa.

Ku kuma sauran matasa masu karanta filin nan, ga abin da nake so kowa ya gwada kafin Juma'a mai zuwa. Ka tuna mutum ɗaya da ya bar wata tafiya da kuke yi tare, ka tambayi kanka dalilin da kake faɗa a kansa daga bakin wa ka ji shi. In ba daga bakinsa ba ne, ka je ka gaishe shi, ka tambaye shi cikin ladabi, sannan ka kama bakinka har ya gama magana.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ɗana, ya raya jaririn, ya sanyaya zuciyar Baffanka a kanka.

Malam Daudu.